Ina Indiya, Layina Yana Jega

Nafi'u ɗan kawuna ya ci amanata. Na bar masa layin wayata ajiya zan tafi Indiya koyon adana albasa, shi kuwa ya zauna a shagonsa na Jega ya zama ni. Ya yi ciniki da fatakena da sunana, ya aika wa matata umarni da sunana, ya sayar da albasar fadamata ta Kashin Zama kafin ta ga inuwar rumfa. Na rubuta wannan don duk mai shirin fita karatu waje ya san yadda zai yi da layinsa, kuma don kada gobe a ce Ummaru ya daina shiga shagon ɗan'uwansa babu dalili.

Ni ba ɗan boko ba ne. Aji biyu na yi a sakandare baba ya mayar da ni gona, Turancina kuwa na kasuwa ne, wanda nake yi da mutanen Anacha. Ƙungiyarmu ta manoma ta samu gurbi ɗaya na kwas ɗin wata huɗu, aka ba ni, don kowa ya san irin masifar da nake yi duk shekara idan na buɗe rudu, wato rumfar da muke jibge albasa, na tarar ruɓa ta cinye ta ƙasa. Na tafi ina da gona biyu da aka gama dashe: babbar ta Kashin Zama, da wata ƙarama a Mungadi, garin su matata Hajo. Niyyata ɗaya ce. Abin da na koyo can, a albasar bana zan fara gwada shi, ina can ina faɗa ta waya ana yi.

Nafi'u ne ya cike min takardu, shi ya iya kwamfuta. Ana jibi tafiya ya ce min, "Yaya, layin ga naka in ka tahi da shi can, kati za ya riƙa sha kamar rairayi ya samu ruwa. Bar shi wurina in riƙa sa mishi kati kar su rufe shi. In ka isa ka sai nasu."

Na ga magana ce ta hankali. Ya sayar min da sabuwar waya babba, ya zuba min tsofaffin hotunana, ya ɗora min koriyar manhajar nan da muke aika murya. Ya haɗa wa Hajo irinta da sabon layi. Abin da bai kwaso min ba shi ne lambobin mutane, duk suna cikin sim ɗin da na bari. Ban lura ba, domin a manhajar fuskar mutum nake gani in danna.

Zango na farko Mumbai. Ina fitowa filin jirgi wani siriri mai jakar fata ya manne min, yana nuna min sim a tafin hannu. Ya ce data ba ta ƙarewa, ba a buƙatar takarda, ba a buƙatar jira. Ni da na kwana biyu ban ji muryar gida ba, na saya. Ya yi aiki kuwa. A cikin motar da ta ɗauke ni zuwa Nashik, garin da makarantar take, na aika wa Hajo murya ta fi goma, ina ba ta labarin albasa har bakin titi, ja jawur, tsibi-tsibi kamar a kasuwarmu ta Aliero. Kwana biyar layin ya yi. Ranar na shida ya mutu murus. Da na nuna wa wani a makaranta, ya yi dariya ya ce da sunan wani aka yi masa rajista, mai shi ya sa an rufe.

A masauki an haɗa ni ɗaki da Malam Issuhu, mutumin Galmi ta Nijar, dattijo mai farin gemu da tsokana. Shi Faransanci yake ji, ni guntun Turanci, malamai kuwa Turancinsu gudu yake kamar injin ban ruwa. Allah ya taimake mu aikin na ido ne da hannu. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Na Aliero, ku ma har kuna da albasar da za a adana? Ai na ɗauka ta miyar yau kawai kuka nomawa."

Na ce, "Na Galmi, taku da ke sa mutum kuka tun daga kan iyaka?"

Tun ranar muka ƙulla.

Da layin Mumbai ya mutu sai na koma wai-fai na ofishin makaranta. Kyauta ne, amma ba ya wuce baranda, kuma da an tashi aiki ake kashe shi. Bayan darasi za ka gan mu jere, baƙaƙe da farare, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Ina aika murya guda, in tsaya ina kallon tana juyawa har ƙafata ta yi tsami. Duk da haka ina jin Hajo, tana ji na, na ce ya ishe ni.

Kwana na goma sha biyu na buɗe manhajar, ta ƙi buɗewa. Wani rubutu ya fito. Na kai wa wani ɗan Kenya ya karanta min a hankali: an buɗe lambata a wata waya, idan ni ne mai ita in sa lambobi shida da aka aika wa layina. Layina kuwa yana Jega. Fuskar Hajo, fuskar ƙannena, fuskar fatake, duk sun shige bayan ƙofa an kulle.

Issuhu ya miƙo min wayarsa ya ce, "Kira gida." Na karɓa, na tsaya da ita a hannu. A nan na gane girman sakarcina. Shekara ashirin ina riƙe waya, lamba ɗaya tak na haddace a duniya: tawa. Ita nake karanta wa mutane a kasuwa. Ta Hajo sabuwa ce, ko kallon kirki ban yi mata ba. Sai na kira kaina. Nafi'u ya ɗauka.

"Yaya! Ina Indiya? Ina sanyi?"

"Bar gaisuwa. Wa ya buɗe manhajata?"

"Ni na, Yaya. Fatakenka sunka dame ni da kira, na ce gara su ga ana amsa musu kar su koma wurin wani."

"To karanto min lambobin da anka aiko."

"Ba su shigo ba. Ka san sabis ɗin Jega."

"Ba ni lambar Hajo."

"Wayyo, ai wayarta ta hwaɗa ruwa, tana nan wurina ina gyara. Duk abin da kake so hwaɗa min, ni da kaina nike kai mata. Kowa lahiya lau."

Na yarda. Ɗan kawuna ne, a bayana na goye shi zuwa makarantar allo.

Issuhu ne ya zaunar da ni ya nuna min yadda masu hankali suka yi. Wayarsa gida biyu gare ta. A ɗaya layinsa na Nijar yana nan, ya kashe masa data don kada ya ci shi, amfaninsa kawai saƙo ya shigo kuma lambobinsa su zauna tare da shi. A ɗayan layin Indiya ne na halal, da shi yake komai. Ya ce, "Ba a barin layi gida, Na Aliero. Kamar ka tahi Makka ka bar hwasfo wurin maƙwabci."

Samun layin halal ya ci min mako biyu. Na je shago an ce fasfo da biza. Na kawo an ce hoto. Na kawo an ce takardar makaranta mai adireshi. Na kawo an ce sai ɗan ƙasa wanda ya san ni ya ba da lambarsa. Wa ya san ni? Na dawo na zauna bakin ƙofar masauki rai a ɓace. Mai gadi, wani tsoho Bahindu da ko kalma ɗaya ba ma ji wa juna, ya dubi takardun da ke hannuna, ya girgiza kai irin nasu, ya kulle ɗakinsa, ya ɗora ni bayan babur ya mayar da ni shagon. Ya ba da lambarsa, aka kira shi a gabana ya amsa. Na ciro wani abu zan ba shi, ya ture hannuna ya dafa ƙirji. Har yau ban san sunansa daidai ba, amma ina sa shi a addu'ar shiriya da alheri.

Mai shago ya jera min tsari kala-kala. Akwai wanda ake ba ka data gaba ɗaya, in ka cinye shi ke nan. Akwai wanda ake yanka maka kullum, in ta ƙare yau gobe ta dawo. Kiran ƙasar waje kuma daban ake sa masa kati. Na ɗauki na kullum na wata uku, domin na san halina, in aka ba ni gaba ɗaya a mako zan gama da ita. Na fito da waya cike da data, ba ni da wanda zan kira sai Nafi'u.

Haka na yi wata biyu. Abinci shinkafa da romon wake, safe da rana, yaji ba irin namu ba. Na yi mafarkin tuwon dawa da miyar kuka har na gaji. Idan aka kai mu gona na shaƙi warin lawashi, sai in ga kamar in na waiwaya zan hango hanyar Maiyama ta wajenmu. Amma na koyi abu. Na ga kurakuranmu da idona. Mu muna ban ruwa har ana gobe cira, su suna yanke ruwa da sauran kwanaki. Mu muna gundule lawashi daf da kai, su suna barin wuya kamar yatsa biyu ya bushe ya rufe kansa. Suna shanya ta a inuwa kafin ta shiga rumbu. Rumbun nasu a ɗage yake daga ƙasa, gindinsa da gefensa tsagin gora ne, siriri dogo, iska tana ratsa shi ta ko'ina. Na auna da taku, na auna da kamu, na zana a littafi, na ɗauki hoto.

Kowace Juma'a bayan masallaci ina kiran lambata in karanta wa Nafi'u. A yanke ruwa rana kaza. Kada a gundule wuya. A nemo gora a ajiye. Shi kuwa, "An gama, Yaya. An yi, Yaya." Wayar Hajo kuwa kullum ana jiran kayan gyara daga Kano.

Wata Lahadi da rana muna zaune ƙarƙashin bishiya, ina nuna wa Issuhu tsofaffin hotuna don in rufe masa baki kan albasar Aliero. Muka zo kan wani da na ɗauka bara a kasuwa, ina tsaye gaban mota an yi mata lodi har sama. Ya karɓi wayar, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Wanga rubutu da ke jikin ƙofar motar, mi na ne?"

Na duba. Lambar waya ce da jan fenti, ƙarƙashin sunan Dogo, direban da ke ɗaukar min kaya zuwa kudu. Lamba ɗaya daga cikinta kafaɗata ta rufe. Issuhu ya ce, "Goma ne kawai. Mu gwada su duka."

Na farko wata mata ta ɗauka da Yarbanci. Na biyu a kashe. Na huɗu wani ya zage ni. A na bakwai na ji muryar da na sani, da ƙarar inji a bayanta.

"Dogo, Ummaru na, na Kashin Zama."

"Kai! Ɗan Indiya! Ashe kana da baki? Ai an ce can rubutu kawai akai. To kayanka sun isa Anacha lahiya, shekaranjiya na sauke."

"Wane kaya?"

"Albasarka mana, ta fadama. Mota biyu. Ni ma na yi mamaki, na ce Ummaru da ke zagin masu saida ta ɗanya a kaka? Nahi'u ya ce kai ka aiko a kwashe."

Na ce, "Ta Mungadi fa?"

"Tana nan. Ya ce mako mai zuwa."

"Dogo, don girman Allah, kana ina?"

"Jega, ina wankin mota."

"Hau kabu-kabu ka tahi gidana. Ka yi sallama ka aika wa Hajo wayar ga. Zan kira bayan la'asar ɗinku."

Bai tambaye ni ko wa zai biya mai babur ba. Ya ce, "Na tahi."

Da na kira, Hajo ce ta ɗauka. Na ce, "Ni na." Ta ce, "Na ji." Muryar a bushe.

Wayarta ba ta taɓa faɗawa ruwa ba. Tana hannunta. Saƙo yana shigo mata da hotona a kai, a rubuce, ita kuwa ba ta karatun boko, sai Nafi'u ya zo ya karanta mata daga zaure. Ya gaya mata sabis ɗin Indiya ya daina ɗaukar murya. Da saƙon sayarwa ya zo ta ce ba ta yarda ba, Malam bai ƙetare teku don a sayar da albasa ɗanya ba. Washegari wani saƙon ya shigo.

"Mi anka ce na ce?"

"An ce ka ce in kama bakina. Wai mace ba ta san albasa ba, in tsaya ga tukunya."

"Kika yarda ni na hwaɗa?"

"Malam, hotonka na kai. Shekara ashirin da biyu ina zaɓar maka iri da hannuna, sai ga shi a rubuce."

Albasa mota biyu ba ta ƙona ni kamar wannan ba. Na rantse mata, na sake rantsewa. Na ce ta karanto min lambarta, Dogo ya taya ta. Na rubuta a littafi, na rubuta a bangon ɗaki da gawayi, kafin in kwanta na haddace ta kamar Ƙulhuwallahu.

Ranar na fara haɗa jaka. Sauran mako biyar a gama, kuma a cikinsu ne za mu gina rumbu da hannunmu. Issuhu yana kallona, sai da na ɗaure jakar ya ce, "Tikitinka na da rana, canja shi ba yau ba ne. Ko ka isa, ta fadama ta riga ta shiga miyar Anacha. Ta Mungadi waya take so, ga ta a hannunka."

Na kwance jakar. Na ce wallahi ba zan koma Aliero da rabin sani ba, a haɗa min asara biyu.

Na buɗe manhajar da lambar Indiya, na sa Hajo. Na ce duk saƙon da ba muryata ba, ko da hoton babana a kai, kada ta saurara. Ta aika wa yayanta a Mungadi ya tsaya bakin gona. Da Nafi'u ya zo da 'yan cira, yayan nata ya ce masa mai gona ya yi magana da bakinsa, a juya. Tun ranar, in na kira lambata ba a ɗauka.

Sauran kwanakin nan datata ta kullum ba ta taɓa kai yamma ba. Abin da muka gina da safe a Nashik, in ɗauke shi a bidiyo in aika. Ga tsayin ƙafa, ga faɗi, ga tazarar gora. Hajo ta kalla, ta kai wa yayanta, su aiko min nasu. Gora ta yi wuya, ta ce a gwada karan dawa mai kauri a gefe a bar gora a gindi. Na kai wa malaminmu hoton, ya daɗe yana dubawa, ya ɗaga babban yatsa. Na aika mata murya na ce, "Ga malamin Indiya ya sara wa wadda ba ta san albasa ba." Wannan ne karo na farko da na ji dariyarta tun da abin ya faru.

Albasar Mungadi ta shiga rumbu da wuyanta a bushe ina sauran kwana tara. Ba ta kai kashi ɗaya cikin ukun ta fadama ba, amma ita ce tawa, kuma yadda na so aka yi ta.

Na sauka Jega ranar kasuwa. Ban wuce gida ba, ban ajiye jaka ba. Shagon Nafi'u cike da masu cajin waya da masu sayen kati. Yana ganina ya miƙe da fara'a har kunne.

"Lale da Yaya! A kawo ruwa! Yaya, zauna in yi maka bayani. Farashi na ga za ya hwaɗi, na ce in cece ka. Haƙƙinka na nan ajiye, ko yanzu kake so..."

Wayar da ke aljihunsa ta yi ƙara. Ya dafe ta. Na ce, "Ɗauka mana. Wa ake nema, ni ko kai?"

Wani dattijo ya ce, "Malam Ummaru, a yi haƙuri, gida ɗaya ne."

Na ce, "Baba, don gida ɗaya ne ban zo da ɗan sanda ba."

Na juya ga Nafi'u.

"Cire layina ka aje kan teburin ga. Kar ka miƙo min, ba ni karɓar komi daga hannunka. Zancen albasa gaban kawu za mu yi shi, ba nan ba. Amma yanzun ga za ka rufe shagon ga, ka hau bayana kan kabu-kabu mu tahi Kashin Zama. Ka tsaya cikin zauren da kake tsayawa kana karanta ƙarya, ka ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ka ce wa Hajo: Ummaru bai taɓa cewa ki kama bakinki ba, ni Nahi'u na rubuta. In ka gama ka dawo da ƙahwa. Bikinka zan zo, sunan ɗiyanka zan zo, in ka riga ni tahiya ni zan shiga sahun gaba. Amma daga yau, ko gobara ta tashi gidana, kar ka kai min saƙo. Ɗauko makullinka."